Farin yadi a Konya

Sana'ata sayar da yadi. Na haura shekara 20 a Kantin Kwari, kuma tun da fataucinmu ya karkata Turkiyya nake zuwa Istanbul sau biyu, wani lokaci sau uku a shekara. In sauka a Laleli, in zaga shagunan da na saba, in ɗaure kaya in miƙa wa masu kago, in kamo hanyar gida. Iyakar abin da na sani na ƙasar ke nan: tituna huɗu ko biyar, masallaci ɗaya, da wani ɗan gidan shayi da ke kusa da masaukina.

A watan Maris na 2023 Allah ya yi wa maiɗakina rasuwa, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. Shekararmu 19 tare, 'ya'ya biyar. Da aka ce a je a sayo likkafani, na ce babu inda za a je. Akwai bandir na farin yadi a ɗakina, mai kyau, wanda na ajiye don ɗinkin Sallah. Na shimfiɗa shi a tsakar gida na auna da kaina, na ɗan ciza bakinsa da almakashi, na tsaga. Duk wanda ya zauna a kasuwar yadi ya san ƙarar nan. Na ji ta sau dubbai ban taɓa kula ba, amma ta ranar ta zauna mini a kunne. Daga nan hannuna ya ƙi fari. In mai saye ya shigo ya ce fari yake so, na makaranta ne ko na kaftani, sai in ce wa yarona ya sallame shi, ni in juya in kama lissafi. Ko dai ba wanda ya lura, ko kuma sun lura sun yi mini kara.

A Disambar shekarar na koma Istanbul sarin kaya. Ɗan wani aminina da ke karatu a jami'a a Konya ya ji ina ƙasar, ya kira ni.

"Baba, tunda Allah ya kawo ka a wannan watan, ka daure ka zo Konya. Bana shekara 750 da rasuwar Maulana Jalaluddin Rumi, babban malamin Sufayen nan, garin ya cika maƙil."

"Masu juyin nan da ake nunawa a talabijin? Ɗana, ni da nake cikin wannan hali, kallon rawa zan je?"

"Ka dai zo, Baba. In abin bai kwanta maka ba, washegari sai in raka ka tasha."

Na ji nauyin mahaifinsa, na ce to.

Jirgin ƙasa mai sauri na hau daga ɓangaren Asiya na Istanbul, tafiyar kusan awa biyar. Bayan an wuce Eskishehir ƙasa ta buɗe, fili fetal har iya ganinka, gonakin alkama an girbe, babu itace sai jefi-jefi. Konya tana kan tudu, kimanin mita 1,000 sama da teku, kuma ina sauka na gane haka a ƙashina. Wanda ya ce ya san sanyi don ya kwana a Jos da hunturu, ya je Konya a Disamba.

Yaron ya tarbe ni da rungumar ɗa da uba, ya karɓi jakata, ya ce sai mun fara sa wani abu mai zafi a ciki. Aka kawo mana wata miya a ƙaramin kwano, ja-ja, da ɗan tsami, da gutsattsarin nama. Na sa cokali na ɗebo, sai ga kuɓewa. 'Yan mitsi-mitsi, ko gaɓar ɗan yatsa ba su kai ba, tun suna jarirai ake tsinke su a shirya a zare a shanya. Busasshiyar kuɓewa a tsakiyar Turkiyya! Marigayiya duk kaka sai ta yanka kuɓewa ta baza a kan rufin ɗakin girki, ta hana yara hawa. Na ajiye cokalin na ɗan jima. Yaron bai san abin da ya faru ba, yana ta ba ni labari cewa miyar biki ce, ba a yin ɗaurin aure a Konya a rasa ta. Ya ce ma ta dace da makon, domin sunan da ake kiran ranar rasuwar Maulana shi ne Shebi Arus, wato daren angwanci.

"Ranar mutuwar tasa?"

"Ita, Baba. Shi ya ɗauke ta a matsayin ranar da zai sadu da Ubangijinsa, don haka bai so a mai da ita ranar makoki ba."

Ban ce komai ba, amma maganar ta ɓata mini rai. Na ce a zuciyata, mai wannan magana bai tsaga wa matarsa likkafani ba.

Da safe muka je inda yake kwance. Tun daga nesa kake hango koriyar hasumiyar nan mai tsini, an lulluɓe ta da tayil. A ƙofa ana ba ka leda ka sa a kan takalminka. Ciki cunkoso ne, Turkawa, Iraniyawa, 'yan Pakistan, Turawa, wasu na karatu a tsaye, wasu na kuka a hankali. Kabarin Jalaluddin Rumi da na ɗansa Sultan Walad suna gefe da gefe, an ɗora musu manyan rawuna, an rufe su da wani ƙyalle mai aikin zinare wanda Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Abdulhamid na Biyu, ya bayar a 1894. Idon ɗan kasuwa ba ya hutu: na tsaya ina duban nauyin aikin, ina ƙiyasta watannin da masu sirfani suka yi a kansa. Na yi masa addu'a kamar yadda ake yi wa kowane Musulmi da ya riga mu, muka fito.

A tsakar gidan yaron ya ba ni tarihinsa, kuma a nan na fara sauke kaina. An haifi Rumi a 1207 can yankin Balkh, iyalinsa suka yi ƙaura yamma, suka zauna a Konya wajen 1228 zamanin sarakunan Saljuk. Malamin fiƙihu ne, ɗan malami, mai almajirai da wa'azi, ya gaji kujerar mahaifinsa. A 1244 wani baƙo matafiyi, Shamsu na Tabriz, ya shigo garin, su biyun suka shaƙu har malam ya ajiye karantarwa. Almajirai suka ji haushi, suka takura wa baƙon ya bar gari ya tafi Dimashƙa. Sultan Walad ya je ya dawo da shi. Ba a daɗe ba ya sake ɓacewa, kuma daga nan ba a ƙara ganinsa ba. Rumi ya bi sawunsa har Dimashƙa bai same shi ba. Waƙoƙin da duniya ta san shi da su, da juyin da ya riƙa yi in shauƙi ya kama shi, bayan wannan rashin suka ƙara ɓarkewa. Ashe mutumin ya san rabuwa. Ashe ma shi ko gawa bai samu ya binne ba. Na janye maganar da na yi a zuci daren jiya.

Abin da ya fi riƙe ni a gidan shi ne ɗakin girki. A da, wanda yake son shiga ɗariƙar Maulawiyya, ta mabiyan Maulana, a nan yake farawa. Akwai ɗan dandamali kusa da ƙofa inda zai zauna kwana uku a kan buzu yana kallon yadda ake aiki, ya ga ko zai iya. In an karɓe shi sai ya yi hidimar kwana 1,001: shara, ɗebo ruwa, wanke-wanke, cefane. A nan kuma ake koya masa juyi, a kan wani allon katako mai ƙusa a tsakiya. Zai barbaɗa gishiri, ya sa ƙusar tsakanin babban yatsan ƙafarsa ta hagu da mai bi masa, ya yi ta juyawa har ƙafar ta koyi zama wuri ɗaya. Duk wanda ya yi zaman almajirci a gaban malami zai gane wannan tarbiyya ba sai an yi masa bayani ba. A gefe akwai 'yar maƙabartarsu, duwatsun an sassaƙa musu doguwar hula a ka. Su ba sa cewa maƙabarta, sai su ce hamushan, wato masu shiru.

Amma fa gidan yanzu babu mai hidima a cikinsa, sai mutum-mutumi da aka jera ana nuna yadda ake yi a da. A 1925 gwamnatin Mustafa Kamal ta rufe dukkan zawiyoyin ɗariƙu a ƙasar, aka buɗe wannan a matsayin gidan tarihi a 1927. Sai a shekarun 1950 aka sake yarda a yi juyin a bainar jama'a, shi ma da sunan bikin al'ada. A 2008 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. Shi ya sa yau ba a zawiya ake yinsa ba a lokacin bikin, wanda ake yi daga 7 zuwa 17 ga Disamba. A wani katafaren zaure ake yi, Cibiyar Al'adu ta Maulana, da tikiti da lambar kujera, kuma masu yin suna ƙarƙashin ma'aikatar al'adu. Wannan bai yi mini daɗi ba, har yanzu ma bai yi mini ba. Ambaton Allah da sayen tikiti ba su zauna mini wuri ɗaya ba. Da wannan ƙullin a raina na shiga zauren da daddare.

Fili ne zagayayye a tsakiya, kujeru sun kewaye shi hawa-hawa. Mun samu wuri ƙasa-ƙasa. Aka roƙi jama'a kada a tafa. Wani ya shigo da jan buzu ya shimfiɗa a gefe ɗaya, wurin zaman shehi. Sai ga su sun shigo a jere, a hankali, kowa da baƙar alkyabba har ƙasa da doguwar hula mai launin ƙasa.

Yaron ya matso kusa da kunnena. "Baba, hular nan dutsen kabari ce. Baƙar alkyabbar kabarin ne. Farar rigar da ke ciki kuma likkafani."

Na ji gabana ya faɗi. Da na san haka tun a Istanbul, da ban zo ba.

Da yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, aka buɗe, murya ɗaya tilo babu kiɗa. Sai aka buga ɗan tambari, alamar "Kun" da aka yi halitta da ita. Sai sarewa. Sarewarsu, ney, da wani kara mai tsirowa a bakin ruwa ake yin ta, kuma sautinta rabinsa numfashi ne, kana jin iskar mutumin tana wucewa ta cikin karan. Babban littafin Rumi, Masnawi, mai juzu'i 6 da baiti kusan 25,000 cikin Farisanci, da kukan wannan karan ya fara, wanda aka yanko daga cikin 'yan'uwansa yake ta kukan gida. Ban san Farisanci ba, ban san Turkanci ba sai na ciniki, amma babu abin da ya ɓace mini a wannan busar.

Suka tashi suka kewaya filin sau uku a bayan shehi, taku ɗaya-ɗaya, kamar masu rakiyar gawa. Duk wanda ya iso gaban buzun sai ya juyo ya fuskanci na bayansa, su dubi juna, su sunkuya. Sunkuyawar ta ɗan tsaya mini a rai, don mun taso an koya mana ruku'u na Allah ne shi kaɗai. Yaron ya ce gaisuwa ce, rai yana gaida rai. Na bar ta a haka.

Sannan suka zame alkyabbun suka bar su a ƙasa. Fari ya cika filin.

Kowa ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya kama kafaɗunsa, ya miƙe kamar alif. Ɗaya bayan ɗaya suka je suka sumbaci hannun shehi, suka taka cikin fili, suka fara juyawa ta hagu, yadda ake kewaya Ka'aba. Hannuwan suka warware a hankali, suka bi jiki suka hau, na dama ya buɗe yana kallon sama, na hagu yana kallon ƙasa: abin da aka karɓa daga sama a miƙa wa bayin Allah, kada a riƙe. Ƙafar hagu a kafe, ta dama ke tura jiki, kuma an ce a kowane zagaye mutum yana ambaton sunan Allah a zuciyarsa. Wani dattijo bai cire tasa alkyabbar ba, yana ratsawa a tsakaninsu yana gyara musu tazara da ɗan motsin ƙafa ko kallo.

Ni dai yadin nake kallo. Akwai wani da ya daɗe yana juyi a daidai gabanmu, matashi ne, ba zai wuce shekara 30 ba, kansa a karkace dama, idonsa rabi a rufe, gumi na bin gefen hularsa. Rigarsa ta buɗe kamar laima. An yanka ta da faɗi sosai, an yi wa bakin ƙasan nauyi, shi ya sa take tashi ta tsaya a iska tana kaɗawa ba ta ruɗewa. Ina jin ƙarar tafin huffinsa a kan daɓe, shuu, shuu, har iskar rigar tana iso mini a fuska. Wata tara ina gudun farin yadi, ga shi yau yana yi mini fifita. Farin da na sani na ƙarshe an naɗe shi, an ɗaure shi a kai da ƙafa, ba ya motsi. Wannan kuwa mai shi yana ciki da ransa, ya sa shi da kansa, ya san abin da ya sa.

Kashi huɗu ake yi, suna kiran kowanne sallama. Abin da ban shirya masa ba shi ne tsayawar da ke tsakani. Kiɗa na sauyawa sai su tsaya cak, rigar nan da ke shawagi ta faɗo ta naɗe musu ƙafafu, tsaf kamar yadda ake naɗe mamaci. Su sake harɗe hannu, su matsu biyu-biyu, uku-uku, kafaɗa na jingine da kafaɗa don kada jiri ya kayar da wani. A nan hawaye ya ƙwace mini. Na tuna bakin kabari, lokacin da aka fara jera itace, ƙafafuna suka saki, ƙanena ya sa kafaɗarsa ta dama, wani maƙwabcinmu da ba ma ko shiri sosai ya sa tasa ta hagu. Ba wanda ya yi magana a cikinsu. Ban taɓa yi wa maƙwabcin nan godiya ba.

Mutane da yawa a kewaye da ni ta cikin waya suke kallo, hannu a sama tun farko har ƙarshe, kuma na ji takaicin haka. Amma matashin nan bai san da su ba. Ko albashi ake biyansa, ko tikiti aka sayar, abin da ke fuskarsa ba na saye ba ne.

A sallama ta huɗu shehin da kansa ya taso daga buzu, ya shiga tsakiya yana juyawa sannu-sannu, ya kama bakin alkyabbarsa ya ɗan buɗe ƙirji. Sai kiɗa ya ɗauke, aka fara karatun Alƙur'ani, ayar nan ta Baƙara da ke cewa gabas da yamma na Allah ne. Suka koma wurarensu suka zauna, aka mayar musu da baƙaƙen alkyabbun a kafaɗa. Aka yi Fatiha, suka ja "Hu" da murya ɗaya, suka fita yadda suka shigo. Zauren ya yi tsit na ɗan lokaci kafin mutane su fara neman takalma da jakunkuna.

Na san a gida akwai masu ganin duk wannan bai halatta ba, a cikin danginmu ma akwai su, kamar yadda akwai waɗanda suka taso da bandiri da Maukibin Ƙadiriyya suna ganin ba baƙon abu ba ne. Hukunci na malamai ne, kuma ban je Konya don in shiga ɗariƙa ba. Abin da idona ya gani nake ba da labari.

Muka fito cikin sanyi muna tafiya a ƙasa, ta gefen babbar maƙabartar da ke kallon koriyar hasumiyar. Yaron ya yi ta satar kallona, can ya ce, "Baba, ko na yi laifi da na kawo ka?"

"Ba ka yi ba, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Muka ɗan taka. Sai na ji ina gaya masa abin da ban gaya wa kowa ba. Na ce daren da aka kawo mini ita, a lulluɓe take tun daga kai har ƙafa, tana kuka, ƙannen mahaifiyarta da suka rako ta suna kuka. Ni ina can waje da abokai, farin ciki kamar ya kashe ni, har ina mamakin me ake wa kuka, ai gidan alheri aka kawo ta. Suka zaunar da ita, suka yi mata nasiha, suka fito suna share ido suka koma gida ba tare da ita ba. Ban taɓa tunanin yadda gidansu ya kwana a daren ba, sai yau. In dai daren angwanci ne kamar yadda Maulana ya ce, to wannan karon ni ne ɗan rakiya. Na lulluɓe ta, na kai ta, na juyo. Kuma ba a taɓa cewa masu rakiyar amarya sun yi laifi don sun yi kuka ba. Wata tara ina jin kunyar kukana, ina ganin kamar ƙarancin tawakkali ne, ina ɓoye shi har ga 'ya'yana.

Yaron bai amsa ba. Ya karɓi ledar da ke hannuna ya riƙe, muka ci gaba da tafiya har masauki.

Washegari kafin jirgi na sa ya kai ni kasuwa na sayi kuɓewar nan zare biyu, na kawo wa babbar 'yata. Da na dawo Kano kuma, kafin in je ko'ina, na shiga gidan maƙwabcin nan na gaishe shi, na ce na zo godiyar kafaɗa. Ya daɗe bai gane abin da nake nufi ba.

Bayan kamar mako uku, da hantsi, wasu mutum biyu suka shigo shago, idanunsu jajaye, babban ya ce fari suke so. Ba sai an tambayi na mene ne ba. Yarona ya miƙe kamar yadda ya saba, na ce masa ya zauna. Na sauko da bandir ɗin da kaina, na yi musu ta'aziyya, na tambaya namiji ne ko mace. Suka ce mahaifiyarsu ce. Na auna, hannuna yana rawa, na ƙara musu yadi ɗaya a kai. Na ciza bakin da almakashi, na yi bismillah, na tsaga.